Me Ke Sa Shekara Ɗaya Ta Juya Tsara Guda? Nazari Kan Shekarar 1976

  

Maudu'in da aka ɗora mana mu tattauna a wannan zama shi ne: mene ne yake sa wata shekara ta fita daban a cikin 'yan'uwanta, har ta zama mararrabar da take raba rayuwar tsara guda gida biyu, a riƙa cewa kafinta da bayanta? Abin da muke nufi da tsara shi ne abin da Larabawa suke kira jil, wato jama'ar da aka haifa a tsakanin lokaci ɗaya, suka tashi tare, suka ga abu ɗaya da ido ɗaya.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Larabawa kafin Musulunci ba su da lissafin shekaru jere, sai dai su kira shekara da sunan babban abin da ya auku a cikinta, kamar Shekarar Giwa. Haka kakanninmu Hausawa suke yi, a ce an haifi wane shekarar fara, ko shekarar yunwa, ko shekarar da aka naɗa sarki wane. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, da daula ta faɗaɗa aka ga takardu suna zuwa babu kwanan wata, sai ya tara sahabbai aka yi shawara a kan inda za a soma ƙirga. An ambaci haihuwar Annabi (SAW), an ambaci aiko shi, an ambaci wafatinsa, amma aka tsaya a kan Hijira. Ku lura da hikimar wannan zaɓi. Ba a rasa ranakun da suka fi Hijira girgiza zukata ba, domin ranar wafati ta fi ta. Abin da Hijira ta keɓanta da shi shi ne ta sauya yadda jama'a suke zaune, da wanda yake hukunci a tsakaninsu, da irin gidan da yaro zai buɗe ido ya tarar. To, da wannan ma'auni muke so mu auna wata shekara ta kusa da mu, wato 1976, wadda ta yi daidai da 1396 ta Hijira.

Idan aka tambayi dattijo a Kano ko Katsina ko Bauci abin da yake tunawa game da 1976, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce kisan Janar Murtala Ramat Muhammad. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu aka harbe shi a Legas yana kan hanyarsa ta zuwa ofis, a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. Yana da shekara 37, bai cika wata 7 a kan mulki ba. Kwana 10 kafin nan, ranar 3 ga wata, ya yi shelar ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, inda aka raba Arewa maso Gabas zuwa Bauci da Barno da Gongola, aka raba Arewa maso Yamma zuwa Sakkwato da Neja, aka raba Binuwai da Filato, kuma a jawabin nan ne ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja. Jama'a sun yi kuka a kansa kukan gaskiya, aka sa hotonsa a kan takardar naira 20 a 1977, aka sa wa asibitoci da tituna da jarirai sunansa.

Duk da haka, a fahimtarmu, ba wannan ne ya sa 1976 ta zama mararraba ba. Shekarar 1966 ta fi ta jini da baƙin ciki, domin a cikinta aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma ita ta jawo yaƙin basasa. Shekarar 1960 ta fi ta biki da tuta. Amma manomin da yake ƙauye bayan 1960 ya ci gaba da biyan haraji ga dagaci, yana kai ƙara gaban alƙali, ɗansa yana zuwa makarantar allo da asuba yana bin sa gona da hantsi, kamar yadda ubansa ya yi. Masu mulki sun sauya, cikin gida bai sauya ba. Abin da ya shiga cikin gida ya zo ne a watan Satumba na 1976, ba da ƙarar bindiga ba, da ƙarar ƙararrawar makaranta.

Ranar 6 ga Satumba 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka fi sani da UPE. Janar Yakubu Gowon ne ya fara shelarsa a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya tumbatsa, bayan farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Masu tsara shirin sun yi zaton yara miliyan 2.3 ne za su zo aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Yawan 'yan firamare a ƙasar, wanda yake wajen miliyan 6 kafin shirin, ya haura miliyan 12 zuwa 1980. Ga mutanen Yamma wannan ba sabon abu ba ne, domin Awolowo ya yi musu irinsa tun 1955. A Arewa ne abin ya zama girgiza. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, boko ya zauna a matsayin abin 'yan tsiraru: 'ya'yan sarakuna, da 'ya'yan ma'aikatan En'e, da wanda tsautsayi ya faɗa wa hakimi ya kama ya tura. A 1976 ne aka ce kowa da kowa, har ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba.

Ku dakata mu dubi abin da ya faru da yaron da aka kai a wannan rana, domin a nan ainihin maganar take. Ba shi da takardar haihuwa, saboda haka sai a ce ya ɗora hannunsa bisa kansa ya taɓa kunnensa na ɗaya gefen; in ya taɓa, ya isa shiga, a rubuta masa shekara 6. Daga ranar ya sami shekarar haihuwa, kuma da lissafin Miladiyya aka ba shi ita. Aka tambaye shi suna na biyu, abin da bai saba da shi ba, sai aka liƙa masa sunan mahaifinsa ko na garinsu, kuma da shi zai rayu har ya mutu. A makarantar allo hutu Alhamis da Juma'a ne, a nan kuwa Asabar da Lahadi. A gida ana ƙirga watan Tsofaffi da watan Azumi da watan Salla, a nan ana rera Janairu da Fabrairu. A allo yana rubutu daga dama zuwa hagu da alƙalamin kara da tawada, a nan daga hagu zuwa dama da fensir. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a rubuta shi a cikin manufofin shirin ba, amma su ne suka fi zama a jikinsa. Darasin ƙasa da na lissafi da yawa sun manta, amma har yau in ka tambaye su yau nawa ga wata, na Bature za su fara faɗa maka, sannan su tsaya tunani kafin su lalubo na Musulunci. Da wannan za mu gane cewa shawarar da Umar ya tara sahabbai a kanta ba ƙaramar mas'ala ba ce.

Wani abin da ya ƙara wa wannan shekara nauyi shi ne, boko ya shigo ne daidai lokacin da ginshiƙan tsohon tsari suke faɗuwa. Gyaɗa, wadda ita ce kuɗin talaka a ƙasar Kano da Katsina, farin 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa ta, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Sarakuna, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe musu 'yan doka da gidajen yari da kotuna, sai ga gyaran ƙananan hukumomi na watan Agusta 1976 ya binne En'e gaba ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi kimanin 300 iri ɗaya a faɗin ƙasa, majalisar sarki ta koma ta ba da shawara. Sababbin jihohi kuma kowace tana neman akawu da malami da ma'aikacin asibiti, kuma ba ta tambayar izu nawa ka haddace, takardar shaida take nema. Saboda haka uban da yake son ya ƙi boko ya duba gona ya ga ba ta riƙe shi kamar da, ya duba fada ya ga ƙarfinta ya ragu, ya duba ɗan maƙwabcinsa da ya gama makarantar horon malamai ya ga ya dawo da babur sabo fil. Da an kawo UPE a 1956, lokacin da gyaɗa take da daraja kuma sarki yake da ikon ɗauri, da wataƙila ya wuce kamar yadda Yaƙi da Jahilci ya wuce, ya bar alheri kaɗan ba tare da ya juya al'umma ba. Shekara ba ta juya mutane ita kaɗai, sai ta tarar an daɗe ana sassare gindin bishiya.

Malam Ibn Haldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa halayen al'ummai suna sauyawa a hankali ta yadda waɗanda suke cikin sauyin ba sa ankara, ya kuma ƙiyasta tsawon tsara da shekara 40. Lalle wannan ya tabbata a nan. Babu wanda ya tsaya a Satumbar 1976 ya ce yau duniyarmu ta juya. Abin da aka gani shi ne hayaniya da ƙaranci: azuzuwa a ƙarƙashin bishiya, yara a zaune a ƙasa, malaman da aka horar cikin gaggawa, wasu ma ba su fi ɗalibansu da komai ba sai tsawo. Don magance wannan aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar. Wasu iyaye sun ɓoye 'ya'yansu, musamman mata, wasu sun gaggauta aurar da su, wasu sun haɗa yaran da malami ya tafi da su gabas don kada mai unguwa ya rubuta sunansu. Ba daidai ba ne mu yi wa waɗannan iyaye dariya. Tsoronsu game da tarbiyya yana da tushe, kuma babu wanda ya zauna da su ya amsa musu tambayarsu.

Natijar ba ta bayyana ba sai da yaran suka girma. Wanda ya shiga aji ɗaya a 1976 ya gama firamare a 1982, shekarar da gwamnatin Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar farashin mai. Wanda ya ci gaba ya gama sakandare wajen 1987, ya tarar da shirin SAP na Janar Babangida da aka fara a 1986, naira ta karye, aikin gwamnati ya yi wuya. An yi musu alkawarin ofis, aka ba su karatu, ofishin bai zo ba. Sai aka wayi gari da miliyoyin matasa, maza da mata, waɗanda suka iya karanta Hausa da boko, Turancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba su koma gona ba. Irin wannan jama'a ba a taɓa samun ta a ƙasar Hausa ba, kuma duk wanda ya fara yi musu magana da harshen da suke karantawa shi ne zai mallaki kunnensu.

Masu magana kuwa sun zo ta fuskoki dabam-dabam. A 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da Hausar boko ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ta isa hannun mutane daidai lokacin da masu iya karanta ta suke ninkuwa. Ƙananan littattafan addini na salla da azumi da tauhidi suka cika bakin masallatai da tashoshin mota, kaset ɗin wa'azi ya shiga kowane shago. Makarantun Islamiyya suka yawaita, kuma ku lura da siffarsu: aji, allon bango, rajista, jarrabawa, rigar makaranta, duk aron tsarin firamare ne aka zuba masa ilimin addini. Matan aure suka fara fita makarantun dare, kuma a 1985 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a Minna. Ɗalibi ya fara tambayar malami a wane littafi ne, shafi na nawa, abin da a da ake ɗauka rashin ladabi ne. Har muhawarar Shari'a a siyasar ƙasa tushenta yana cikin wannan shekara, domin a Satumbar 1976 ne kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams ya miƙa daftarinsa mai ɗauke da shawarar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya, wadda ta kai ga ficewar wakilai Musulmi daga majalisar tsara kundin a Afrilun 1978.

Ta ɗaya fuskar kuma, waɗannan matasa su ne suka zama marubuta da masu karanta littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake bugawa da kuɗin aljihu ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya a unguwanni. Daga cikin fitattun marubutan akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar shi Murtalan. Daga littattafan aka gangara zuwa fim ɗin bidiyo, wanda ake lissafa farkonsa daga Turmin Danya a 1990. Mun san malamai sun yi ta suka a kan waɗannan littattafai, kuma wani sashe na sukar yana kan hanya. Amma adalci shi ne mu yarda cewa yarinyar da ta karanta littafin soyayya a ɗaki ita ce ta karanta littafin hukuncin haila da wanka a Islamiyya, da haruffa ɗaya, waɗanda ta koya a aji ɗaya. Ƙofa ɗaya ce aka buɗe, kowa ya shigo da hajarsa.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ta rufe a kansu, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ci mana rai. Shirin 1976 bai yi wa makarantar allo tanadi ba, bai ƙirga ta a matsayin makaranta ba. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, wanda sarakuna suke tashi su tarbe shi, a takardar gwamnati sunansa jahili, domin bai iya boko ba. Wanda aka taimaka wa shi ne aka ɗauka malamin Arabiyya a firamare, a matakin albashi na ƙasa. Gardin da a da yake cin rani da ɗinkin hula da wankin kaya ya koma gida da damina, ya zo birni ya tarar da tsada da sababbin masu kuɗi da ba su san darajarsa ba. Masana da suka yi nazarin tarzomar Maitatsine ta Disambar 1980 a Kano, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, sun nuna cewa daga cikin irin waɗannan matasa da aka bari a baya ne ya sami mabiya da yawa. Wannan ba uzuri ba ne ga ɓatansa, bayani ne na inda ya sami itacen hura wutarsa. Ajami ma, wanda da shi kakanninmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da lissafin fatauci, ya ci gaba da ja da baya, har a 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50. Tsara ɗaya ta rabu biyu, 'yan boko da 'yan allo, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a wani gidan, kowane yana ganin ɗayan bai yi karatu ba.

Kada mu ɗauka kuma cewa shekarar da ta juya mu ita ta juya kowa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, harshe ɗaya addini ɗaya, in ka ambaci 1976 ba za ta motsa su ba. Tasu ita ce 1974, shekarar da yunwar fari ta kai ga Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani. Haka nan waɗanda suke jami'a a ƙarshen shekarun 1970 za su ce maka tasu ita ce 1979, saboda juyin Iran da abin da ya tayar a zukatan ɗalibai. Kowace tsara tana riƙe shekarar da ta same ta tana ɗanya. Dattijo mai shekara 60 ya ga 1976 ya wuce da halinsa, yaro mai shekara 6 kuwa ita ta gina shi.

Gwamnatoci sun yi ta komawa kan wannan tsaga suna neman ɗinke ta. Obasanjo da kansa ya sake ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999. A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a Gagi, can Sakkwato, aka gina wasu da dama a jihohi, da yawansu suka lalace saboda rashin kulawa. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kuskuren da ake maimaitawa shi ne na farko: a tsara a ofis, a gina aji, sannan a aika wa alaramma saƙo ya kawo yara.

Yaran da suka taɓa kunnensu a Satumbar 1976 yau sun haura shekara 50, su ne shugabannin makarantu da limamai da 'yan kasuwa da iyayen da yawa daga cikinmu. Malaman da suka koyar da su, da masu unguwannin da suka bi gida-gida suna rubuta sunaye, da alarammomin da suka ƙi, waɗanda suka rage a cikinsu sun tsufa ƙwarai. Abin da muka sani game da shirin mafi yawansa alƙaluma ne daga Legas, amma abin da aka faɗa a zaurukan ƙauyuka a wancan wata, da hujjar wanda ya yarda da ta wanda ya ƙi, ba a rubuce yake ba. Muna roƙon ɗalibai da suke wannan zaure, kowa ya nemi mutum biyu ko uku daga cikin waɗannan dattawa a garinsu, ya zauna da su da ladabi, ya naɗi muryarsu da wayarsa, ya tambaye su wa ya kai su makaranta, wa ya hana, me aka ce musu, kuma ina ɗan'uwansu da aka tura gabas yake a yau.